Dillalai uku sun faɗi farashi uku: wa zan ba wa gidana ya sayar?

Tambaya: Ni ma'aikaci ne, an yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja. Ina so in sayar da gidana da ke Rijiyar Zaki in nemi wani a can. Ɗaki huɗu ne a fuloti hamsin da ɗari, kuma da satifiket ɗinsa. Dillalai uku sun zo sun gani. Na farko ya ce zai sayar mini a naira miliyan 65. Na biyu ya ce kasuwa ba za ta ɗauki fiye da 50 zuwa 52 ba. Na uku ya ce in faɗi abin da nake so ya shigo hannuna kawai, sauran in bar masa. Wa zan ba wa?

Amsa: Malam, Allah ya sa canjin nan ya zama alheri. Ka sani tun farko cewa ni ma a wannan harka nake cin abinci, aikina ƙiyasta darajar gidaje da filaye da kuma sayar da su, don haka ka auna maganata da wannan a ranka.

A cikin ukun nan babu wanda zan ce ka miƙa wa gidanka yau. Na biyu ya cancanci ka sake kiransa ku zauna. Na farko zai ɓata maka lokaci. Na uku kuwa shi ne zai iya cinye maka kuɗi kana yi masa godiya, kuma da shi zan fara.

Ga yadda "faɗi naka, sauran nawa" yake tafiya. Ka ce masa miliyan 50 kake so. Ya fita kasuwa ya ce 58. Wani ya taya 55. Kai ba za ka ji wannan tayin ba. Abin da za ka ji shi ne wayarsa da dare, murya a sanyaye: "Alhaji, wallahi kasuwar ta yi sanyi, 47 aka tsaya, kuma mutumin jibi zai yi tafiya." Kai kuma ga ranar kama aiki a Abuja ta matso, sai ka ce a bayar, Allah ya sa albarka. Ya ci takwas a tsakani, sannan ranar biya ya sunkuyar da kai ya tuna maka la'ada. Duk wannan ba zai yiwu ba sai in kai da mai saye ba ku haɗu ba, shi ya sa irin wannan dillali yake da dalili kullum na raba ku: mai sayen babban mutum ne ba ya son a san shi, ko yana Saudiyya, ko ƙaninsa ne zai sa hannu.

Matsalar tsarin a gininsa take, ko da mutumin mai sallah ne. Dillalin da ke kan kaso cikin ɗari, in farashi ya hau shi ma nasa ya hau, wato kuna jan igiya ɓangare ɗaya. Wanda ke cin abin da ya hau kan naka kuwa, duk nairar da ya matse daga gare ka aljihunsa ta shiga. Ka ɗauki mutum aiki, ka kuma shirya abin yadda asararka ce ribarsa.

Za a ce maka addini bai hana ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Imamu Bukhari ya kawo a babin ladan dillanci cewa Ibn Abbas bai ga laifi ba mutum ya ce, "sayar da rigar nan, abin da ya haura kaza naka ne." Malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, ka tambayi malaminka. Amma ka lura cewa mai rigar ya san kuɗin rigarsa, kuma da bakinsa ya yafe rarar. Kai ba ka san kuɗin gidanka ba, shi ya sa ma ka rubuto. Sannan ƙaryar "47 aka tsaya" babu malamin da ya halatta ta.

Akwai kuma haɗarin da mutane ba sa hangowa. Sunanka ne a takardar ciniki a matsayin mai sayarwa. In takardar ta ce 55, gobe wata rigima ta taso aka warware cinikin, kai za a nema da 55, ba 47 da ka karɓa ba. Dillali a lokacin wayarsa a kashe take.

Na farko, mai miliyan 65, dabararsa tsohuwa ce: a faɗa wa mai gida abin da kunnensa ke son ji, a kama gidan, in ya so daga baya a riƙa sauko da shi a hankali. Ba shi da abin asara. Kai ne gidanka zai yi wata huɗu, wata shida yana yawo a zaurukan WhatsApp na dillalai, hoto ɗaya farashi biyar. Masu saye a Kano suna lura. Da zarar gida ya kwana a kasuwa sai a fara tambaya: rigimar gado ce? Yana kotu? Ruwa na kwanciya a layin? Daga nan wanda da zai biya 52 da daɗin rai sai ya taya 45 yana jiran ka gaji.

Gwajinsa ba wuya. Ka ce ya nuna maka gida biyu ko uku irin naka da aka sayar a yankin cikin watanni shida da suka wuce. Aka sayar, aka sallama, kuɗi suka shiga, ba wanda ake neman kaza a kansa ba, domin kowa na iya neman abin da ya ga dama. Ya kai ka ƙofar gidan, ya faɗa maka nawa aka sallama da kuma wanda ya yi dillancin. In ya fara kame-kame, ka gama da shi.

Wannan gwajin shi za ka yi wa na biyu ma, domin ƙaramin farashi ba shaidar gaskiya ba ne. Akwai dillalan da ke da maigida, mai kuɗin da ke sayen gida ya shafa masa fenti ya sake sayarwa. Aikin irin wannan dillali shi ne ya sauko da kai. Wani lokaci har abokansa biyu zai turo a ranaku daban-daban, su zagaya gidan suna yamutsa fuska, ɗaya ya taya 40, ɗaya 42. Ranar da maigidan ya zo ya ce 46 sai ka ji kamar ceto ne ya zo. Annabi (SAW) ya hana najashi, wato tayin ƙarya daga wanda ba saye zai yi ba don a ruɗi wani. An fi saninsa wajen hau da farashi a kan mai saye, amma ga shi ana juya shi a kan mai kaya. Ka tambayi na biyun kai tsaye: "Malam, kai ko wani naka ne zai saya?" In e ne, babu laifi, amma daga nan shi mai saye ne, ba wakilinka ba, kuma babu la'ada daga wajenka.

Ina gane dillalin da ya san aikinsa tun daga yadda yake shiga gida. Ba ya fara da yabon tayil. Zai ɗaga kai ya duba silin ko akwai tabon yoyo, ya sunkuya ya shafa gindin bango ya ji ko danshi ya ci fulasta, ya tambayi yaushe aka kwashe masai, ya leƙa rijiyar burtsatse ya ji ko tana ƙafewa da bazara. Zai fita waje ya dubi inda ruwan layin ke bi da damina, ko mota biyu za su iya wucewa, nisan gidan da kwalta, da taransifomar da kuke kai. Kafin ya buɗe baki da farashi zai ce, "Alhaji, mu ga takarda." Wanda ya tsaya a tsakar gida minti biyar ya yanke maka miliyan 65 bai duba komai ba sai fuskarka.

In kana son ka huta da wannan ja-in-ja, ka biya ƙwararren mai ƙiyasi ya rubuta maka rahoton darajar gidan, wanda ba shi ne zai sayar ba. Masu wannan aiki suna da hukumar da ke yi musu rajista, ESVARBON, wadda doka mai lamba 24 ta 1975 ta kafa, da ƙungiyarsu ta NIESV da aka kafa a 1969. Kowannensu yana da lambar rajista da hatimi, kuma in ya yi maka ha'inci akwai inda za ka kai ƙararsa. Kuɗin rahoton kaɗan ne in aka kwatanta da tazarar miliyan 15 da ke tsakanin dillalanka. Yana da amfani musamman yanzu, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, farashin siminti da rodi ya bi ta, lissafin kowa ya rikice. Wasu masu gida suna nan a farashin da, ana saye a hannunsu da araha. Wasu kuma suna lissafa abin da za a kashe a gina irinsa yau su ce shi ne kuɗinsa, alhali mai saye ba ya biyan abin da ka kashe, abin da maƙwabcinka ya sallama yake dubawa.

Ba ina cewa dole sai kamfani mai ofis da na'urar sanyaya ɗaki ba. Da gidanka a Nassarawa GRA yake ko Bompai, da can zan tura ka, domin masu sayen irin waɗannan gidaje ta nan suke bi. Gida mai ɗaki huɗu a Rijiyar Zaki kuwa, sau da yawa dillalin unguwa ne ya san ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ke neman inda zai ajiye amarya, ko magadan da aka raba musu kuɗi suna neman gida kafin kuɗin su narke. Wannan sani ba a samunsa a intanet. Abin da ake buƙata shi ne ya kasance yana da mazauni sananne, mai unguwa ya san shi, 'yan'uwansa dillalai sun san shi, kuma zai iya ba ka mutum biyu da ya sayar wa gidajensu ka kira su. In ka kira, kada ka tambaya ko mutumin kirki ne, kowa zai ce e. Ka tambaya: kun zauna da mai sayen? Kuɗin ta asusun wa suka bi? Bayan ciniki wani ya zo neman la'ada?

Tambayar ƙarshen nan tana da dalili. Mutanenmu suna ganin in aka ba dillalai biyar gida zai fi saurin tafiya. Abin da ke faruwa shi ne kowanne ya miƙa wa nasa yaran, su ma su miƙa gaba, kowa yana ɗora nasa. Mai saye ɗaya sai a kai masa gidanka ta hanya uku da farashi uku, ya tsorata ya janye. In kuwa an yi cinikin, ranar biya za ka ga mutum bakwai a ƙofar gida, wannan ya ce shi ya kawo mai saye, wancan ya ce shi ya kawo wanda ya kawo shi. Na sha ganin cinikin da aka gama lafiya ya ƙare a gaban alƙali saboda rabon la'ada, mai gida yana zaman shaida a shari'ar da ba tasa ba. Ka ba mutum ɗaya, na wata biyu ko uku. Yana da damar ya nemi taimakon duk wanda ya so, amma daga la'adarsa zai sallame su. In wa'adi ya cika bai kawo tayi mai ma'ana ba, ka karɓe ka ba wani.

Kuma a rubuta. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa ma in kun so, da shaidu biyu. A sa farashin da za a nema, da kason la'ada, da ko la'ada ciki ce ko waje. Abin da aka fi ji a cinikin gida shi ne kashi 5 cikin 100, amma ba aya ba ce, ana ciniki a kai, musamman in kuɗin da yawa. Kashi 5 na miliyan 50 miliyan biyu da rabi ne, ba kuɗin da za a bari a kan "ai ba za mu ɓata ba" ba ne. Ka tambaye shi ko zai karɓa daga wajen mai saye ma, domin da yawa suna karɓa ta ɓangare biyu, kuma gara ka sani. A rubuta cewa la'ada ba ta wajaba sai kuɗi sun shiga cif an sa hannu; cewa duk tayin da aka yi, komai ƙanƙantarsa, sai ya sanar da kai; cewa ba shi da ikon karɓar kafin alƙalami ko sallamawa a madadinka; da abin da zai samu in kai da kanka ka samo mai saye, misali maƙwabci ko abokin aiki. Iyakar abin da za ka iya sauka gare shi kuwa, ka bar wa cikinka. Ranar da dillali ya san shi, ranar ya zama farashin gidan.

Yadda mutum ya karɓi maganar rubutun nan ya fi duk wani bincike. Mai gaskiya yana murna da shi, domin shi ma ana cinye masa la'ada, mai gida da mai saye su zagaye shi bayan ya haɗa su. Wanda ya ce "haba Alhaji, ai mu 'yan'uwa ne, rubutu na me," ka gode masa ka raka shi ƙofa. A nan zan ɗan ratse: in da hali kada ka ba ɗan'uwa ko suruki dillancin gidanka don zumunci kawai. Ba don sun fi kowa ha'inci ba, sai don in aikin bai tafi ba ba za ka iya karɓewa ba sai an yi taron dangi.

Sai takardu. Dillali hoton takarda yake riƙewa, ba asali ba, kuma ka ja layi a kan hoton ka rubuta cewa don dubawa ne kawai. Asalin satifiket ba ya barin hannunka sai ranar da kuɗi suka cika. Kada ka sa hannu a takardar wakilci da ta ba shi ikon sayarwa don kana Abuja. Kano da Abuja tafiyar yini ɗaya ce, ka zo ka sa hannunka da kanka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce mai satifiket ba zai mayar da haƙƙinsa ga wani ba sai da amincewar gwamna. Sashe na 26 ya ce abin da aka yi ba bisa wannan ƙa'ida ba ɓatacce ne, kuma Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Dillalin da bai taɓa jin wannan ba, ko ya ce maka sa hannun mai unguwa da dagaci ya wadatar a gida mai satifiket, bai kai ya riƙe cinikin miliyan 50 ba. Shaidar mai unguwa tana da kyau, ni ma ina son a yi ta, amma ba ta maye gurbin ma'aikatar ƙasa.

Wanda ya san aiki zai tambaye ka: sunanka ne a satifiket ɗin, ko na wanda ka saya a wajensa? Ka biya harajin ƙasa na shekara-shekara? Takardar ba ta jingine a banki? Ka shiga aikin sabunta takardun mallaka da gwamnatin Kano ta fara a ƙarshen 2024? Duk mai saye mai hankali zai tura lauyansa KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, ya bincika fayil ɗin, balle bayan rusau ɗin 2023 da ya sa kowa a Kano ya koyi tambayar asalin fili. Gara ka riga shi zuwa ka gyara abin da ke buƙatar gyara, domin matsalar da mai saye ya gano da kansa da ita zai rage maka kuɗi. Takardar mayar da mallaka kuwa lauya ne yake rubuta ta, haka doka ta tanada, kuma ka ɗauki naka. Lauyan da dillali ya kawo, ba ka san wa yake yi wa aiki ba.

Kuɗi daga asusun mai saye zuwa naka, kai tsaye. Ba ta asusun dillali ba, ba a buhu ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Kada saƙon waya ya ishe ka, ka tabbatar da bankinka cewa sun zauna kafin ka miƙa takarda da makulli. In za a ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru in ba a cika ba. Biya kashi-kashi na tsawon watanni kuwa, a yadda naira take, ni ba na ba mai sayarwa shawararsa sai in babu makawa.

Idan iyalinka suna cikin gidan, ka gindaya masa cewa babu kawo kowa sai da sanarwa kuma kana nan, ko wani namiji naka. Ba kowane mai zagaya ɗakuna yana ɗaukar hoto ne mai saye ba. In kun tashi, makulli ya zauna wajen ɗan'uwanka, dillali ya kira shi in ya samu mai dubawa. Gidan da babu kowa, makulli da hoton satifiket suna hannun mutum ɗaya, shi ne irin gidan da ake karɓar kafin alƙalamin mutum biyu a kansa.

Ka kuma saurari abin da zai ce game da aibin gidan. In ruwa yana shigowa tsakar gida a watan Agusta ka faɗa masa, sai ya ce "bar wannan, yanzu rani ne, wa zai sani," to ka ji yadda zai yi da kai ma ranar da ɓoye maka wani abu zai amfane shi. Aibin da aka faɗa ana rage kuɗi kaɗan a wuce wurin. Wanda aka ɓoye yana dawowa da sammaci.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba, amma ba zan yi shiru a kansa ba. Kafin ka sa gidan a kasuwa, ka je Abuja ka taya irinsa a Kubwa ko Lugbe ko Gwarimpa, ka ji da kunnenka. Mai yiwuwa ka tarar kuɗin gidan Rijiyar Zaki ba za su saya maka kwatankwacinsa ba sai ka fita can wajen Mararaba ko Suleja, ka riƙa kwana a hanya. Ma'aikaci kuma ana iya sake mayar da shi. Da ni ne, zan sa haya a gidan Kano shekara ɗaya, in kama haya a can, in ga yadda zaman zai kasance. In bayan haka ka ga sayarwar ce, ka kira na biyun nan, ka ce ya zo da gidajen da aka sallama a yankin da lambobin mutum biyu da ya yi wa aiki, kai kuma ka tanadi takardar yarjejeniya da rahoton mai ƙiyasi a hannunka kafin ya iso.